Yuriya a man fuska: aikin da take yi wa busasshiyar fata da inda take zama matsala

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, duk wanda ke zaune tsakanin Kano, Katsina, Sakkwato da Damagaram ya san yadda fuska ke komawa. Mutum zai yi wanka, ya lafta basilin ko man kaɗe har goshi na ƙyalli, amma kafin azahar kumatu da gefen baki sun yi furu-furu, fatar tana saɓa, in ya yi dariya sai ya ji kamar za ta tsage. Abin da aka saba yi shi ne a ƙara mai. In hakan bai yi ba, a ɗauko soso a dirje. Duka biyun ba su cika kaiwa ga gindin matsalar ba, domin abin da fatar ta rasa ruwa ne, ba maiƙo kaɗai ba. Ta nan ne man da ke ɗauke da yuriya, wani sinadari mai kama ruwa ya riƙe shi a fata, ya samu shiga, kuma yanzu ana ganinsa a kantunan magani da shagunan kayan kwalliya, wani an rubuta masa 5%, wani 10%, wani har 40%.

Wannan lamba da ke jikin robar ita ce kusan dukan maganar. Amma kafin a zo kanta, sai an san abin da ke faruwa a fatar.

Saman fata, wato ɓangaren da hannu ke taɓawa, matattun ƙwayoyin halitta ne jere hawa-hawa, kimanin hawa 15 zuwa 20 a yawancin sassan jiki, kuma duka kaurinsu bai kai na silin gashi ba. Likitocin fata kan kwatanta shi da katanga: ƙwayoyin su ne tubali, kitsen da ke tsakaninsu shi ne kwaɓin da ya riƙe su. Sababbin ƙwayoyi suna tasowa daga ƙasa, tsofaffi suna kakkaɓewa daga sama, kuma zagayen kan ɗauki kimanin mako huɗu. A lafiyayyar fata ba wanda ke ganin wannan zubar, saboda ƙwayoyin ɗai-ɗai suke faɗuwa. Akwai wasu sinadarai a fatar, ana kiransu enzayim, aikinsu tsinke 'yan ƙananan maɗauran da suka haɗa ƙwaya da 'yar'uwarta. Sharaɗinsu ɗaya ne: ba sa aiki sai da danshi. Da zarar ruwan da ke saman fata ya yi ƙasa da kimanin kashi 10 cikin 100, aikinsu ya tsaya. Ƙwayoyin da ya kamata su zube tun tuni sai su maƙale wa juna, su ɗago baki, su riƙa ɓarewa gutsure-gutsure. Wannan shi ne furu-furun da ake gani, kuma ya fi fitowa fili a baƙar fata saboda farin ɓawon ya bambanta da launin da ke ƙarƙashinsa.

Tun 1952 wani masanin fata a Boston ta Amurka, Irwin Blank, ya nuna haka da gwaji mai sauƙi. Ya ɗauki busasshen ɓawon kanta, ya jiƙa wani a mai, wani a ruwa. Na cikin mai ya ci gaba da zama tauri, na cikin ruwa ya yi laushi. Mai yana da amfaninsa, kuma babba ne: yana rufe fata ya hana ruwan da ke ciki tserewa. Basilin ya fi kusan kowane mai iya wannan aiki. Sai dai murfi ne kawai. In babu abin da zai kama ruwan ya riƙe shi a cikin ƙwayoyin, za a yi ta ƙyalli a sama, ƙasa na bushe.

Fata tana da nata abin kama ruwan. A cikin kowace matacciyar ƙwaya akwai haɗin wasu sinadarai masu zuƙar danshi, akasarinsu sun samo asali daga wani furotin mai suna filagirin da ke narkewa yayin da ƙwayar ke hawowa sama, saura kuma gumi ne ke kawo su. Yuriya na cikin wannan haɗi, kimanin kashi 7 cikin 100 nasa. Ke nan ba baƙuwa ba ce a fuska. Matsalar ita ce dukan waɗannan sinadarai ruwa na narkar da su, don haka kowane wanki yana tafiya da wani abu daga cikinsu. Sabulu ya fi yin ɓarna, domin yana kwashe kitsen da ke tsakanin ƙwayoyin, ruwa ya samu hanyar shiga ya wanke na ciki. Lafiyayyar fata tana da ɗan tsami-tsami, ma'auninta na pH tsakanin 4.5 da 5.5, alhali sabulun wanka na gama-gari yana kaiwa 9 ko 10. Sabulun salo ma, duk da sunan da ya yi na gargajiya, da toka ake yin sa, kaifinsa bai gaza na kanti ba.

A haɗa wannan da hunturu. Iskar da ke kwaso ƙura daga yankin Bodele na Chadi busasshiya ce ƙwarai, har danshin iska a Kano kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Gumi ya ragu. Sanyi ya sa kowa na dafa ruwan wanka har ya yi tururi, ruwan zafi kuwa ya fi narkar da kitsen fata. Ga alwala sau biyar, ga wanda ke wuni a kan babur. Tsufa ma na rage filagirin da yuriyar da ke fata, shi ya sa dattawa suka fi kowa kukan ƙaiƙayi a wannan lokaci.

Akwai tambayar da mutane kan yi shiru da ita, kuma tana da muhimmanci ga mai salla: shin daga fitsari ake samo yuriyar da ke cikin man? An ji cewa yuriya tana cikin fitsari, kuma gaskiya ne: hanta ce ke sarrafa ta daga ragowar furotin da aka ci, ƙoda ta fitar da ita, kuma a cikin fitsari aka fara gano ta a ƙarni na 18. Amma tun 1828 Friedrich Wöhler, wani masanin haɗa sinadarai a Jamus, ya ƙera ta a ɗakin gwaji ba tare da jikin mutum ko dabba ba. Wadda ke cikin man shafawa a yau a masana'anta ake yin ta, daga amoniya da iskar kabon. Ita ce dai hanyar da ake bi a yi takin yuriya da manoma suka sani, irin wanda kamfanin Dangote ke yi a Lekki da Indorama a Eleme. Wannan kamanci kuma bai ba kowa lasisin ɗibar taki daga buhu ya kwaɓa da mai ba. Na gona ba a tace shi don fata ba, yana ɗauke da gurɓatattun abubuwa da sinadaran da ake saka masa don kada ya dunƙule, kuma ba yadda mutum zai auna ƙarfin abin da ya haɗa a gida.

Likitocin fata sun rungumi yuriya sosai ne daga 1968, lokacin da Gunnar Swanbeck a Suwidin ya nuna amfaninta ga masu cutar da ke sa fata yin ɓawo mai kauri tun daga haihuwa. Yanzu man yuriya na kashi 5 da na kashi 10 suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ba sabon yayi ba ne da 'yan talla suka ƙirƙiro.

Abin da ya bambanta ta da gilasarin, wanda shi ma mai kama ruwa ne, shi ne halinta na canzawa gwargwadon yawanta. In kaɗan ce, daga kashi 2 zuwa 10, babban aikinta jan ruwa da riƙe shi, enzayim ɗin nan su farfaɗo, ɓawo ya koma zuba ɗai-ɗai yadda ba a gani. Daga kashi 10 zuwa 30 sai ta fara sassauta shi kansa keratin, wato furotin ɗin da ke ba fata tauri, ta zama mai ɓare ɓawo. Wannan ne ake so ga kaushi da faso da gwiwar hannu. In ta kai kashi 40, likitoci na amfani da ita su tausasa farcen da ya lalace har a iya cire shi ba tare da fiɗa ba. Abin da ke iya narkar da farce ba shi da hurumi a kumatu. Saman fatar dunduniya ya ninka na fuska kauri sau da yawa, na fatar ido kuwa yana cikin waɗanda suka fi siranta a jiki. A ganina kashi 5 ya ishi fuska, kuma mafi yawan mayukan fuska masu yuriya, kamar na Eucerin, a nan suka tsaya. Kashi 10 iyaka ce, ga wanda fatarsa ta yi kauri ta kuma saba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya sayi na ƙafa, ya ga yadda ya gyara masa faso cikin 'yan kwanaki, ya ce bari fuska ma ta samu rabonta.

Akwai kuma wani aiki na uku da aka gano daga baya. Wani bincike da aka yi a Dusseldorf ta Jamus, aka wallafa a 2012, ya nuna cewa yuriya ba a sama kaɗai take tsayawa ba. Rayayyun ƙwayoyin da ke ƙasa suna ɗaukar ta, kuma tana sa su ƙara samar da filagirin da wasu sinadaran da fata ke kare kanta da su daga ƙwayoyin cuta. Wannan na iya zama dalilin da ya sa amfaninta ke ƙaruwa da makonni, ba dare ɗaya ba. Duk wanda ya shafa kwana uku ya yanke hukunci ya yi gaggawa. A ba ta mako biyu zuwa huɗu.

Sai dai yawancin waɗannan mayuka an tsara su ne a Turai, inda iska ke da laima ko da sanyi ake yi. Mai jan ruwa dole ya samu inda zai jawo shi. In iska ta bushe irin ta Janairu a Agadas ko Nguru, babu abin ja daga waje, sai daga ƙasan fatar, kuma in ba a rufe ba ruwan ya hau sama ya bi iska. Shi ya sa wani zai ce ya shafa ruwan mai mara kauri mai yuriya amma fuskarsa ta ƙara ɗaurewa. Maganin wannan yana hannunmu tun da daɗewa. A shafa man yuriya yayin da fuska ke da sauran danshin wanka, a ɗan jira ya shiga, sannan a bi shi da ɗan man kaɗe ko basilin, gwargwadon abin da zai rufe ba tare da ya kama ƙura ba. Man kaɗe da yuriya ba kishiyoyi ba ne, kowanne na yin abin da ɗayan ba ya iyawa. Mai yawan kurajen fuska ya rage maiƙon, ya tsaya a inda ke saɓa kawai.

Tunda ruwa na narkar da yuriya, alwalar azahar za ta tafi da mafi yawan abin da aka shafa da safe. Lokacin da ya fi riba shi ne bayan isha'i, domin man zai samu dare guda cur a kan fata. Na safe ƙari ne. Tsakanin salloli ɗan mai na yau da kullum ya wadatar, ba sai an yi ta ƙarar da mai tsada ba. Ruwan wanke fuska ya zama mai ɗumi-ɗumi, sabulu kuma sau ɗaya a rana ya isa a wannan yanayi. Soso da dilka da duk wani abin dirza a ajiye su har fatar ta dawo daidai. Dirza tana cire ɓawon na yini ɗaya, amma tana tafiya da lafiyayyun ƙwayoyin da ke ƙarƙashi, gobe saɓar ta dawo fiye da jiya.

Yuriya tana da raɗaɗi a inda fata ta tsage. Ɗan zafi na minti ɗaya ko biyu a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne. Wanda ya daɗe, ko ya zo da kumburi da ƙaiƙayi, alama ce a dakata, a koma basilin zalla na 'yan kwanaki har tsagar ta rufe. Ga mai baƙar fata wannan ba ƙaramar magana ba ce, saboda duk abin da ya fusata fatarmu yana iya barin baƙin tabo da zai yi watanni bai gushe ba. Gara a fara gwadawa a bayan kunne ko gefen muƙamuƙi kwana biyu ko uku. A nisanci fatar ido da leɓe. Jarirai da yara 'yan ƙasa da shekara biyu kuwa ba a fara musu da yuriya sai likita ya ce, mai gilasarin ko basilin ya fi musu sauƙi.

Inda na fi jin tsoro shi ne inda yuriya ta haɗu da man bilicin. Ɗaya daga cikin halayenta shi ne tana buɗe wa sauran magunguna hanya su ratsa fata. Likitoci sun san haka, har akwai mayukan da ake haɗa ta da haidirokotizon, wani maganin kumburi da ƙaiƙayin fata na dangin sitiroyid, da gangan don maganin ya fi shiga. To, a duba abin da ke cikin kwalaben haɗi da ake sayarwa ba suna ba lamba, a kasuwa da ta WhatsApp da Instagram: sitiroyid masu ƙarfi irin su kulobetasol da betametazon, da haidirokwinon, wani lokaci har da makuri, wato zaiba. A 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya, kuma ba mata kaɗai abin ya shafa ba. Wadda ke shafa irin wannan haɗi, in ta ɗora yuriya a kai don maganin saɓa, ta ƙara wa gubar hanyar shiga ne. Kuma ita saɓar tata ba ta hunturu ba ce. Sitiroyid ya sirantar da fatar, jijiyoyi sun fito, ga nankarwa, ga kuraje. In ta bar man kwana biyu fuska ta ɗau zafi tana ɓarewa, sai ta koma masa a kan dole. Irin wannan fata ko kashi 5 sai ya ƙone ta. Abin da take buƙata likitan fata ne da zai tsara mata yadda za ta janye daga man a hankali, da mai mara ƙamshi mara komai a ciki.

Masu sayarwa kuma sun fara cewa yuriya na sa haske. Ba ta taɓa launin fata ko kaɗan. Abin da ke faruwa shi ne in ɓawon da ya dusashe fuska ya zube, launin mutum na asali ya fito fes. In kuwa wani mai da aka ce na yuriya ne ya sa mutum ya yi fari a mako biyu, akwai wani abu a ciki da ba a rubuta ba. Masu shafa maganin kuraje irin su tiretinoyin kuwa, ko mayukan da ke da asid mai ɓare fata, tunda yuriya na buɗe wa magani hanya, su raba musu lokaci da ita: wannan da dare, wancan da safe, ko a riƙa tsallake rana.

Ba kowace saɓa ce bushewa ba, kuma nan ne mutane ke asarar kuɗi. In ɓawon yana a gira, da lungun hanci, da bayan kunne, da cikin gemu, yana da ɗan maiƙo, kuma kai na fama da amosani, to ba rashin ruwa ba ne. Wani nau'in naman gwari ne mai suna Malassezia da ke rayuwa a kan maiƙon fata, maganinsa irin su ketokonazol, kuma lafta mai na iya ƙara masa ƙarfi. Danginsa ne ke kawo kyasbi. Makero yana zuwa da zobe mai faɗaɗa, bakinsa a tashe. Yuriya na iya kwantar da ɓawon waɗannan duka na ɗan lokaci, ta sa a zaci an warke, alhali cutar na nan. Tabo mai haske wanda in an taɓa ba a ji kuwa, wannan na asibiti ne kai tsaye, domin haka kuturta kan fara, kuma tana warkewa da magani in an kama ta da wuri. Bushewar da ta game jiki, ta ƙi tafiya har damina ta sauka, tana iya zama alamar ciwon suga, ko ciwon ƙoda, ko raunin aikin tayiroyid da ke gaban wuya, ko illar wani maganin da ake sha, kamar masu sa yawan fitsari da ake ba masu hawan jini.

Wajen saye, a juya robar a karanta bayanta. Ana jera abubuwan haɗi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, don haka in kalmar Urea tana can ƙarshen layi kuma ba a faɗi kashinta ba, abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba. Akwai kuma sunaye biyu masu ruɗi, Imidazolidinyl Urea da Diazolidinyl Urea. Waɗannan ba masu jiƙa fata ba ne, sinadaran hana mai lalacewa ne, kuma wasu mutane jikinsu ba ya karɓarsu. A duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, a zaɓi wanda ba shi da turare in fuska ta riga ta fusata. Zafi yana lalata yuriya a hankali, ta riƙa komawa amoniya, kuma kayan da suka yi bazarar Afrilu da Mayu a shagon kwano ko a kan tebur a rana sun sha wuta. In an buɗe aka ji wari mai hawa hanci, ko aka ga man ya tsinke ruwa a sama, ko aka ji yashi-yashi a tsakanin yatsu, to ya riga ya lalace, kada a kai shi fuska. A gida ma a rufe shi da kyau bayan an ɗiba, a ajiye shi a inuwa, nesa da taga da cikin mota.